Ƙararrawa a Yatsan Ƙafa

Ranar da labarin ya same ta tana ɗakin girki tana yanka albasa. Ƙanin mijinta, wanda har ya yi furfura ba a daina ce masa Auta ba, ya faɗo gidan ko sallama babu.

"Matar Yaya, ɗauko mayafinki."

"Ji ɗan rainin hankali. Sallamar fa, ka jinginar da ita a hanya?"

"Yaya ya faɗi a tasha. Yana asibiti."

Ta ajiye wuƙar. Daga baya maƙwabciya ce ta gaya mata da takalmi wari da wari ta fita, kuma tukunya na kan wuta.

Mijin nata direban bas ne, kuma a tasha Rediyo ake ce masa, don daga fitowar rana har ya ajiye mota bakinsa ba ya hutawa. Akwai fasinjojin da kan bar motar da ta kusa cika su zauna jiran tasa, saboda hirar kawai. A gida ma haka yake. Sau nawa ta ce masa, "Malam, don Allah rage murya, kaina ciwo yake," sai ya ce, "To ai maganin ke nan nake ba ki."

Wannan mutumin ta tarar a kwance shiru, an zura masa tiyo ta hanci. Likita ya yi mata bayani a tsaye: wata jijiya ce ta toshe can ƙasan ƙwaƙwalwa. Yana ji, yana gani, hankalinsa garau, amma hannu da ƙafa da harshe duk sun shanye. Ta sunkuya ta kira shi. Idanunsa suka juyo suka tsaya a kanta, ta gane yana nan ciki.

Ɗakin da aka kwantar da shi dogo ne, gadaje jere hagu da dama, teburin ma'aikatan jinya can ƙarshe wajen ƙofa. Babbarsu wata doguwar mata ce mai muryar maza, kowa Sista yake ce mata, har likitoci. Ita ta koya wa matar Rediyo abubuwa: yadda ake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, yadda ake ɗura masa madara ta tiyo, da abin da ya fi komai hatsari, wato kaki. Ba ya iya haɗiya, ba ya iya tari. In kaki ya taru masa a maƙogwaro sai an zo da inji an zuƙe, kuma da sauri.

A jikin kowane gado akwai ƙararrawa, waya ce mai madanni a bakinta, marar lafiya ya danna fitila ta kama a teburin Sista. Tasa an ɗora masa a tafin hannu kamar ta kowa.

Wata rana da hantsi ta zagaya banɗaki. Ba ta daɗe ba, Allah ya sani. Da ta dawo sai ta ga leɓɓansa sun yi toka-toka, idanu sun firfito, madannin na kwance a tafinsa. Mutumin gadon kusa barci yake. Ihun da ta yi ya kawo Sista a guje da inji, aka zuƙe, numfashi ya dawo.

Tun daga ranar ba ta ƙara barin gefen gadon ba. A nan take salla, tana sallamewa ta waiga. Wanka sai in Auta ya zo, shi ma tana yi tana kasa kunne. Mutuwa ba ta ba ta tsoro ba, ta san kowa da ranarsa. Abin da ya hana ta sakat shi ne ya tafi shi kaɗai a ɗaki cike da mutane, yana kira a cikin ransa ba mai ji, ba wanda zai tsaya a kansa ya tuna masa kalmar shahada. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga.

"Mama," in ji Sista, "in kika faɗi, ba ni da gadon da zan ba ki."

"Ba zan faɗi ba."

"Haka duk kuke cewa."

Ana haka injiniyan asibitin ya shigo gyaran tayar wani gado. Gajere ne mai sanƙo, aljihun rigarsa cike da sukundireba. Shi ke duba injinan asibitin gaba ɗaya, daga na iskar numfashi har na ɗakin tiyata. Sista ta kamo hannun rigarsa ta jawo shi.

"Zo nan, Sarkin Kusoshi. Wannan ƙararrawar taku, wa kuka yi wa ita?"

"Marasa lafiya mana. Ta lalace ne?" Ya danna, fitila ta kama. "Ga shi lafiyarta lau."

"Ita lafiyarta lau. Shi fa?"

Injiniya ya dubi hannun da ke kwance, ya dubi fuskar. Rediyo ya kafe shi da ido. In kana gabansa, ido ya ishe ku magana, ya ƙifta maka e, ya kawar maka a'a. Amma ido ba ya kiran wanda ya ba da baya. Injiniya ya shafa sanƙonsa, ya tambayi ko akwai inda yake motsawa. Sista ta ce kansa yakan ɗan karkata dama. Ya ce a ba shi lokaci.

Bai daɗe ba ya dawo yana murmushi, riƙe da wani faifai mai faɗin tafin hannu, ya ɗaure shi a ƙarfen gado daidai kumatun dama. Rediyo ya karkata, fitila ta kama. Mutanen ɗakin har da tafi. Matarsa ta yi ta sa albarka.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Da lokacin juyi ya yi aka mayar da shi ɓangaren hagu, sai faifan ya koma bayan ƙeyarsa. Da aka dawo da shi dama ya yi barci, kansa ya kwanta a kan faifan, ƙararrawa ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Wani tsoho da ke gadon ƙarshe ya ɗaga murya ya ce, "A kashe wa direban nan hon, mun ba shi hanya!" Washegari Sista ta nuna wa Injiniya tabon da faifan ya bari a kumatun.

"Ka ga wannan? Kwana kaɗan ya zama gyambo. Ka taɓa juya marar lafiya?"

"Ba aikina ba ne, Sista."

"Yau ya zama. Ungo riga, ungo safar hannu."

Ya sa, yana gunaguni. Ta sa shi ya riƙe kafaɗa, ya riƙe ƙugu, ya ga yadda ake soka matashi a tsakanin gwiwoyi, ya ga yadda yawu ke jiƙa zanen gado, ya ga ana canza zani mutum na kai. Da aka kunna injin zuƙar kaki sai da ya dafa bango. Matar Rediyo ta miƙa masa kujerarta.

"Zauna, ɗana, kada a samu majinyata biyu."

Bai gudu ba, wannan ta shaide shi. Kullum da safe sai ya zo lokacin da ake yi wa Rediyo wanka, ya tsaya inda Sista ta ce ya tsaya. Ya gane cewa duk abin da zai yi, a jikin mutumin zai zauna ya riƙa juyawa tare da shi, gado ba ruwansa. Ya haɗa wani ɗan madanni mai laushi da za a ɗaura a ƙarƙashin haɓa, ya kawo da rana Sista ba ta kusa, ya ajiye a kan tire ya tafi kiran da aka yi masa. Da ya dawo ya tarar da shi a cikin roba, yana iyo a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta tare da almakashi.

"Innalillahi! Wa ya yi min wannan?"

"Ni ce," in ji Sista. "Duk abin da zai taɓa fatar marar lafiya a ɗakin nan sai ya yi wanka."

"Kayan lantarki ne, baiwar Allah! Wayarki kina jiƙa ta?"

"Wayata ba ta kwana a wuyan kowa."

Suka yi ta yi a kan gadon, wannan ya faɗa wannan ta mayar. Matar Rediyo ta dubi mijinta, ta ga idanunsa na kaiwa da komowa tsakaninsu, suna ƙyalli. Rabonta da ganin wannan ƙyallin tun yana gida. Da yana da baki, da ya zuga su.

A ƙarshe Injiniya ya ce tunda shi ya sa rigarta, ita ma ta zo ta ga nasa ɗakin. Ta je bayan ta tashi aiki. Ta dawo da ƙuna a yatsa, wai ya ba ta ƙarfen narka dalma ta gwada.

"Mama, ashe abin nan siraran wayoyi ne kamar gashi. Aikin kwana da kwanaki na jefa masa a ruwa."

"Kin ba shi haƙuri?"

"Na saya masa shayi. Kada ya saba."

Daga nan suka daina yi wa juna gardamar banza. Kafin ya haɗa komai sai ya zo ya tambaye ta: ina ne fata ta fi jure wa ɗauri, me ake wankewa, me ake yarwa. Ita kuma kafin ta taɓa kayansa sai ta tambaya. Madannin haɓar ma da aka sake shi bai yi ba, don wuyan ya fara rauni, karkatawar ta ragu. Matar Rediyo ta ga haka, ta ci gaba da zama a kujerarta.

Wata safiya ana wanka, Sista na goge baya, Injiniya na riƙe da ƙafar hagu. Sai ya ce, "Tsaya. Wani abu ya taɓa ni."

"Me?"

"Babban yatsan. Ya motsa a tafina."

"Yakan yi. Jijiya ce ke harbawa da kanta, ba shi ne ba." Amma ta ajiye tsumman ta zagayo. Ta durƙusa ta ɗora yatsanta a ƙarƙashin nasa. "Rediyo, kana ji na. Kada ka motsa sai na faɗi gaskiya. Injiniya yana da gashi a ka."

Yatsa bai motsa ba.

"Sista ta fi kowa kirki a asibitin nan."

Shiru. Tsohon gadon ƙarshe ya tuntsire da dariya.

"Za ka gane kurenka. To, Mama ta cika faɗa."

Yatsan ya lanƙwasa. Kaɗan ne, wanda bai sa ido ba ba zai gani ba, amma ya lanƙwasa, ya sake, ya kuma lanƙwasa. Matarsa ta rufe baki da mayafi. Dariya take, hawaye na bin kumatunta.

"Ka ji marar kunya. Ina nan ƙafata ta kumbura saboda kai, abin da za ka fara faɗa ke nan?"

Sista ta ce a kawo madanni a sa. Injiniya ya girgiza kai, ya ce ƙarfin bai kai ya danna komai ba, ko madannin da ya fi kowane laushi. Amma akwai wani siririn abu kamar ganyen ciyawa da ke jin lanƙwasa kome ƙanƙantarta, zai nemo. Sista ta ce to ya sani ana shafa wa ƙafar mai, ana wanke ta, kuma jijiyar takan harba da kanta, kada a koma gidan jiya a hana ɗaki barci. Ya ce zai sa abin ya yi biris da harbawa ɗaya, sai an lanƙwasa an riƙe. Ita ta kawo shawarar a zura shi cikin yatsan safar hannu a ɗaure bakin, in ya yi datti a yar da safar a sa sabuwa. Ya dube ta ya ce, "Wallahi da kin yi karatun injiniya da mun shiga uku." Ta ce, "Da ka yi na jinya da majinyata sun shiga."

Ranar da aka ɗaura, ya kawo har da wani ɗan akwati kamar na ashana, ya ba matar Rediyo. Ya ce fitilar teburin Sista za ta kama, wannan kuma zai yi rawa a jikinta duk inda take a harabar asibitin. Ta ƙulle shi a bakin zaninta. Aka juya Rediyo hagu, ya kira, ya yi. Aka juya shi dama, ya yi. Aka bar shi ya yi barci, shiru.

"Yanzu tashi ki fita," in ji Sista.

"Ina?"

"Ko'ina. Je ki ga rana."

Ta fita tana waige. Ta wuce baranda, ta wuce ɗakin magani, ta isa bakin famfo inda masu jinya ke wanki. Tana tsaye sai ta ji abin ya yi rawa a ƙugunta. Ta kwasa a guje da kumburarrun ƙafafun nan, ta faɗo ɗakin tana haki. Yana kwance lafiya lau, Sista da Injiniya na tsaye a kansa sun ƙunshe dariya.

"Me ya faru? Kaki ne?"

Ya kawar da ido. A'a.

"To mene ne? Gwada ni kake?"

Ya ƙifta.

Ranar ta yi wanka mai suna wanka, ta shimfiɗa tabarma a baranda ta yi barcin rana har ana tashinta salla.

Rediyo fa ya samu baki. In kaki ya taso ya kira, a zo a zuƙe tun bai kai ko'ina ba. In ƙuda ya dame shi ya kira. In Auta ya zo yana ba da labarin tasha ya ƙara gishiri, sai fitila ta kama, Sista ta leƙo ta ce, "Auta, yayanka ya ce ƙarya kake." Ranar da aka ci ƙungiyar ƙwallon da Injiniya ke so, yana shigowa ɗakin fitila ta kama, ta mutu, ta kama. Ya ce, "Ni na haɗa abin nan, ni kuma zan kwance shi." 'Yarsu da ke aure a nesa ta zo da jikoki, suka yi layi suna yi wa kakansu tambaya don su ji akwatin na rawa a hannunsu.

Shugaban asibitin ya ji labari ya zo da kansa. Sista ta yi bayanin fata da juyi da wanki, Injiniya ya yi na wayoyi, kowa na tsoma baki a na ɗan'uwansa. Shugaban ya tambaya wa ya ƙirƙiro. Suka nuna juna, sannan suka nuna gadon. Kafin wata ya ƙare an ba su izini su yi wa duk mai bukata. Aka sa wa wani magini da ya faɗo daga bene a ɗan yatsan hannu, aka sa wa wata tsohuwa a ɗakin mata a gira. Duk wanda za a sa wa, tare suke zuwa, ita ta nemo inda ke motsi, shi ya auna ƙarfinsa.

Jikin Rediyo kuwa ya ci gaba da ja baya. Ƙirjinsa ya kamu, aka yi magani, ya sake kamuwa. Likita bai ɓoye mata ba.

Wata rana da hantsi tana bayan ɗakin tana shanya zannuwansa a igiya, sai akwatin ya kama rawa. Ta saba da kiransa, ta san na wasa, ta san na kaki. Wannan ya kama bai saki ba. Ta bar zanin ya faɗi ƙasa.

Ta tarar Sista ta riga ta, da inji a hannu. Ta zuƙa, ba abin da ya fito. Ta taɓa wuyansa, ta dubi ƙirjin, sannan ta kashe injin ta ja labule ta matsa gefe.

"Mama, ke yake kira. Zo nan wajen kansa."

Ta zauna a bakin gadon ta tallabi fuskarsa da hannu biyu. Idanunsa na kanta, ba firgici a cikinsu. Ta ce, "Ga ni, Malam. Na ji ka, ga ni." Sai akwatin ya daina rawa. Ta kai bakinta kunnensa ta faɗi kalmar shahada a hankali, yadda zai iya bi. Da ta kai ƙarshe akwatin ya yi rawa a ƙugunta. Ta sake faɗa, ya sake yi. Ta faɗa na uku, tana jira, bai yi ba.

Sista ce ta rufe masa ido. Injiniya ya zo a guje da sukundireba a hannu, don ya ga fitila ta daɗe a kunne ya zaci wani abu ya lalace. Ya tsaya a bakin labulen, ya cire hular da ke kansa, ya yi ta murza ta a hannu.

Ta yi kuka, har yau tana yi. Amma duk wanda ya zo gaisuwa ya ce mata Allah sarki, ya sha wuya, sai ta ce, "Ya kira ni, na zo. Da bakina na raka shi." Direbobin tasha suka cika ƙofar gida, Auta na ba su labarin yatsan, wannan karon ba mai ƙaryata shi.

Sista da Injiniya sun zo tare bayan mutane sun ragu. Matar Rediyo ta kwance akwatin daga bakin zaninta ta miƙa musu, ta ce a ba wani. Suna shan shayi suka fara halinsu. Wai robar da ake ɗaure abin da ita tana yi wa masu siririyar fata shata, Sista na so a koma ƙyalle mai laushi, Injiniya na cewa shi bai iya ɗinki ba, kuma ƙyalle in an wanke sau da yawa saki yake, sai an riƙa canzawa.

"Nawa ne faɗinsa?" in ji matar Rediyo.

Injiniya ya nuna da yatsu biyu. Sista ta ce ya ƙara kaɗan, kuma kada ɗinkin ya kasance ta ciki inda zai goge fata.

Yanzu asibitoci biyu na maƙwabta sun karɓi abin, kuma an ware wa Sista da Injiniya wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin majinyata, an sa tebur ɗaya da kujeru biyu, ana jin faɗansu daga baranda. Matar Rediyo kuwa kullum da safe, in ta sha shayi, sai ta zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi, ta zura zare a allura, ta ɗinka maɗauri ɗaya, ta juya ɗinkin waje, ta shafa shi a kumatunta ta ji ko yana da kaushi, sannan ta jefa shi a gwangwanin da Auta ke kaiwa asibiti in ya cika.